Kwaɗon Mangaza da Sawun Taya

Shekarar da na dawo gida da digirina, damina ta biyu ke nan da ta ƙi zama. Soja ke mulki, kuma a lokacin duk wanda ya yi karatu a waje sai an nemo masa abin yi, ko da ba a san me ya karanto ba. Ni na karanto yadda ake gane mai laifi daga abin da ya bari a bayansa: zanen yatsa a jikin ƙofa, sawun takalmi, gashi, ɗigon jini. Amma abin da na fi ba ƙarfi a bincikena shi ne yadda za a bayyana wa jandarma da talakawa wannan ilimi cikin harshen da suke ji, don kada su lalata shaida kafin mai bincike ya iso. Na rubuta littafi mai kauri a kan haka, da Faransanci, a wani gari da babu mai jin Hausa sai ni.

A Yamai na yi wata biyu ina zarya tsakanin jami'a da ma'aikata kafin wani babba ya gane cewa hanya mafi sauƙi ta rabuwa da ni ita ce a tura ni daji. Aka ba ni takardar izini mai tambari uku, aka ce in je jihar Maraɗi in koya wa jandarmomin karkara aikin zamani, in kuma rubuto abin da na gani. Na ɗauki akwatina na katako. A ciki akwai baƙin gari na fito da zanen yatsa, da buroshi mai laushi, da sikoc na liƙewa, da tawada, da madubin ƙara girma, da ƙullin farar ƙasa irin wadda likita ke ɗaure karaya da ita.

Na tsaya Tasawa kwana ɗaya don in gaida gwaggona, wadda ta riƙe ni lokacin da nake lakwal, wato makarantar boko. Ta tambaye ni wane aiki na samu bayan duk shekarun nan. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ina duba yatsun mutum in gane ko shi ya yi sata.

Ta ce, "To, ai da ka faɗa tun farko duba kake son koyo, da ba a kai ka ƙasar Nasara ba. Akwai masu yi a nan bayan kasuwa."

Garin da aka tura ni yana cikin ƙasar Mayahi, a kan hanyar rairayi da ke bi ta wajen Kanan Bakashe. Ba zan faɗi sunansa ba. Akwai ƙaramin barikin jandarma mai ɗaki uku, da rijiya mai zurfi, da kasuwar mako da ta koma wurin sayar da fatun dabbobi da tukwanen mutanen da ke shirin barin gida. Akwai kuma mangaza, wato ɗakin kwano da gwamnati ke ajiye hatsin taimako, jar dawa da ake kawowa daga waje.

Shugaban barikin mai muƙamin ajidan ne, mutum mai jiki, mai magana a hankali, wanda ya yi shekaru yana yawo daga wannan bariki zuwa wancan. Ya karanta takardata sau biyu, ya shafa tamburan da yatsa kamar yana so ya ji ko za su goge, sannan ya sa aka tara mini jandarmominsa shida a ƙarƙashin rumfa.

Na yi musu darasi na kwana uku. Na koya musu cewa duk inda aka yi laifi a kewaye shi da igiya, kada a taɓa komai, kada a taka komai. Na koya musu cewa abin da aka kama a matsayin shaida a ƙulle shi, a rubuta a jikinsa, kada a mayar wa kowa sai an rufe shari'a. Na nuna musu yadda yatsa ke barin zane a jikin kwalba. Wannan ya burge su ƙwarai. Suka yi ta danna yatsu a kwalbar suna roƙo in barbaɗa gari, har sai da na ɓoye garin don kada ya ƙare.

Ajidan yana zaune a gefe duk kwanakin nan, yana shan shayi. Da na gama ya kira ni da lakabin Faransanci da ake girmama ɗan boko da shi, ya ce, "Mushe, karatunka yana da kyau. Sai dai mu a nan ɓarawo ba ya yi mana wuyar samu. Asans, man mota, shi ke yi mana wuya."

Ya nuna mini motar bariki. Tana tsaye a kan duwatsu huɗu, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Sashe na biyu na aikina shi ne talakawa. Ran kasuwa na samu mai shelar gari, na zaunar da shi, na karanta masa saƙona da na yi mako guda ina gyarawa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ɗauki gangarsa. Ina biye da shi na ji abin da yake faɗa: gwamnati na gaishe ku, ta ce daga yau wanda aka yi wa sata kada ya taɓa kayansa, ya zauna ya jira mai madubi. Wani tsoho ya tambaye shi wane kaya mutum zai taɓa tunda an riga an sace. Mai shela ya ce shi dai haka aka ba shi. Na rubuta a littafina cewa jama'a sun nuna sha'awa kuma sun yi tambayoyi.

Kwana goma da zuwana aka wayi gari an kwashe kusan rabin abin da ke cikin mangaza.

Labarin ya same ni ina karin kumallo. Na ɗauki akwatina da igiyata na fita da sauri, don wannan ne karo na farko da zan yi aikin a kan sata ta gaskiya. Duk satar da na taɓa bincikawa a baya, malamaina ne suka shirya ta a cikin aji.

Da na isa na tarar da ƙofar mangaza fes. Mai gari, da ya ji cewa manya za su zo duba wurin, ya sa mata sun share filin tun daga bakin ƙofa har zuwa gindin itacen bedi, sun yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, an shimfiɗa tabarmi. Ya tarbe ni da fara'a ya ce, "Ba mu taɓa komai ba, Mushe, kamar yadda ka ce. Gyarawa kawai muka yi."

Na tambayi kwaɗon ƙofar. Aka ce yana hannun liman. Liman ya ce ya ba maƙeri ya duba. Maƙeri ya ce ba a fasa shi ba, da makulli aka buɗe, kuma ya miƙa wa mai gari, mai gari ya nuna wa dattawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ajidan ya zaro shi daga aljihun wandonsa, inda yake tare da goro.

Ɓarawon kuma an riga an samu. Yana zaune a inuwar bangon bariki, hannuwansa ɗaure da igiyar da na koya musu kewaye wurin laifi da ita. Wani Buzu ne dogo, wanda raƙumansa da awakinsa suka mutu a arewa, ya gangaro da matarsa da ƴaƴansa ya kafa bukka a bakin gari. An sami tiya biyu ta jar dawa a bukkarsa. Ya ce a rabon da aka yi makon jiya aka ba shi, kuma kowa ya gan shi a layi. Babu wanda ya musa. Amma shi baƙo ne, kuma babban ma'aikacin da ke kula da rabon hatsi a yankin ya aiko cewa zai zo nan da kwana huɗu, yana so ya tarar da ɓarawo a hannu.

Na zauna a biron ajidan, wato ofishinsa, na barbaɗa gari a kan kwaɗon. Zane ya fito, ɗaya a kan ɗaya, kamar inda garken tumaki suka sha ruwa. A littafi an ce idan haka ta faru sai a ɗauki zanen yatsun duk waɗanda suka taɓa abin da niyyar kirki, a cire nasu, abin da ya rage shi ne na ɓarawo. Saboda haka na sake kiran mai shela, na ce ya sanar cewa duk wanda ya taɓa kwaɗon mangaza ya zo bariki gobe ya dangwala yatsa.

Ban yi tunanin abin da dangwala yatsa ke nufi ga mutanen nan ba. A shekarun nan, sau ɗaya tak ake kiran talaka ya sa yatsa a takarda ba tare da an karɓi wani abu daga gare shi ba, wato ranar rabon hatsi.

Da safe layi ya tashi daga ƙofar bariki ya zagaya rijiya ya kai bakin kasuwa. Mata da ƙwarya, maza da buhu a kafaɗa. Kafin azahar mutanen ƙauyuka sun fara isowa, wasu a kan jakai, yawanci a ƙasa. Akwai waɗanda suka ce daga wajen garin Cake suka taso. Na hau kan kujera na yi bayani da ƙarfi cewa babu hatsi, bincike ne, wanda bai taɓa kwaɗo ba ya koma gida. Babu wanda ya motsa. Wata tsohuwa da ke gaban layi ta dube ni da tausayi ta ce, "Ba komai, ɗana. Haka ake cewa kullum da farko. Rubuta ni dai."

Na tambaye ta ko ta taɓa kwaɗon. Ta ce ta taɓa. Na bayanta ma ta ce ta taɓa. Har wani makaho ya rantse cewa shi ne ya fara taɓawa.

Ajidan ya ce in ba na so a tattake masa bariki, gara in fara dangwalawa. Na yi kwana biyu ina riƙe yatsun mutane ina birgima su a kan takarda. A nan na ga abin da ba a koya mini ba. Yawancin yatsun babu zane a jikinsu. Hauya da igiyar rijiya sun cinye na maza. Mata kuwa, tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi da wankin ƴaƴan anza masu ɗaci da ake ci a lokacin yunwa sun mayar da yatsunsu sumul, ko kuma sun tsattsage su. Abin da ke fitowa a takarda baƙin tabo ne kawai. Kowa in ya dangwala sai ya tsaya yana kallon ƙofar mangaza, in ce masa shi ke nan, ya ce to, ya koma gefe ya zauna ya ci gaba da jira. Wasu sun kwana biyu a gindin bedi kafin suka yarda. Na ga wata mata ta juya da ƙwaryarta a kife a ka, tana goge tawadar a zanenta. Har yau in na tuna aikina na farko, ita nake fara gani.

A cikin na ƙarshen layi akwai wani tsoho siriri mai ƙaramin gemu, wanda na lura jandarmomi na gaishe shi da girmamawa. Aka ce mini mai bin sawu ne. Kafin fari, in an sace sa ko raƙumi, shi ake kira, ya bi sawun kwana da kwanaki har ya kai ƙofar gidan da dabbar ta shiga. Yanzu babu dabbar da za a sace, sai ya zauna.

Ya miƙo yatsansa, na dangwala. Bai tashi ba. Ya ce, "Malam, me kake nema a hannun mutane?"

Na yi masa bayani, har na nuna masa kwaɗon a ƙarƙashin madubi. Ya duba da ladabi, kamar wanda aka nuna wa jaririn wani.

Ya ce, "Wanda ya buɗe kwaɗo kake nema, ko wanda ya tafi da hatsi?"

Na ce ai duk ɗaya ne.

Ya ce, "Hatsin nan ba a aljihu aka sa shi ba. Taso."

Ya kai ni bayan mangaza, can gaba da inda tsintsiyar matan mai gari ta tsaya, wurin da hanya ke karkata zuwa yamma. Sau biyu na bi ta wurin a kwanakin nan, har na ga sawun takalmina a kai. Ya tsuguna ya nuna mini da tsinke. Mota ce. Ta zo ba kaya, ga sawun a sama-sama. Ta koma da nauyi, ga shi ya nutse har rairayi ya tashi a gefe. Ta zo sau biyu. Tayar baya ta hagu tana da faci mai faɗin tafin hannu, duk juyi ɗaya sai ta buga shi a ƙasa. Mutum uku suka yi lodi, biyu da takalmin roba, ɗaya da takalmin kanti mai dunduniya, kuma mai dunduniyar bai ɗauki komai ba, tsayawa ya yi a wuri guda.

Ya ce, "Babu raƙumi a nan, babu jaki. Buzun can ko akuya ba shi da ita. Da me zai ɗauka?"

Na ce, "Baba, ka faɗa wa ajidan?"

Ya ce, "Bai tambaye ni ba."

Na koma na ɗauko farar ƙasata. Sai an dama ta da ruwa, ruwa kuwa sai an je rijiya an bi layi. Na roƙi wata mata rabin guga, ta ba ni don tana tsammani sha zan yi. Ta biyo ni da ido har inda na tsuguna, ta ga na dama farin kunu na zuba a ƙasa a kan hanya. Ta kira wasu suka zo suka tsaya. Da ya bushe na ɗaga. Sawun tayar ya fito sarai, da facin da ɗinkinsa. Tsohon ya juya shi a hannu ya ce wannan dabara ce mai kyau ga wanda ba ya iya riƙe abu a ka.

Motocin da ke shigowa garin ba su da yawa. Ta bariki tana kan duwatsu. Kamyon kasuwa, babbar motar kaya, yana zuwa sau ɗaya a mako, kuma tayarsa ta ninka wannan faɗi. Saura ɗaya.

Babban ma'aikacin ya iso ranar da ya ce, cikin farar motarsa ta aiki. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo kujeru. Yayin da yake gaisawa da mai gari, na zagaya bayan motar na durƙusa kamar ina gyara takalmi. Facin yana nan a tayar baya ta hagu, mai faɗin tafin hannu. Na ɗaga kai na dubi ƙafafun mai motar. Takalmin kanti ne, an goge shi yana sheƙi.

Na ja ajidan zuwa bironsa na ajiye masa farar ƙasar a kan tebur. Na yi masa bayani cikin sauri, rabi Hausa rabi Faransanci, kamar ɗalibi a gaban masu jarrabawa. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna, ya jefa hularsa a kan farar ƙasar.

Ya ce, "Mushe, kana da iyali?"

Na ce tukuna.

Ya ce, "Ni ina da mata da ƴaƴa bakwai, kuma saura mini shekara biyu in huta. Kana tsammani akwai wanda bai ji ƙarar mota ba a garin nan? Mai gari ya ji, liman ya ji, ni ma na ji. Makullin mangaza biyu ne a duniya, ɗaya yana wajen mai gari, ɗaya ka san inda yake. Kai kaɗai ne sai da ka zubar da ruwa a ƙasa kafin ka sani."

Na ce to me ya sa aka ɗaure Buzun.

Ya ce, "Don an ce a ɗaure wani. In ban ɗaure shi ba, mai gari za a ɗaure, ko ni." Ya juya kwaɗon a hannu. Sannan ya ce, "Ilimin nan naka, zai iya faɗin wanda bai yi ba, ya tsaya a nan? Ba sai ya ci gaba ba."

Na ce a gaskiya kwaɗon nan ba ya nuna komai, ba a iya karanta ko yatsa ɗaya a jikinsa.

Ya ce, "To yatsan Buzun yana ciki?"

Na ce ba zan iya cewa yana ciki ba.

Ya ce, "Madalla. Haka za ka faɗa, amma da madubi a hannu, kuma da Faransanci."

Abin da muka yi ke nan. Aka fito da tebur a gaban jama'a. Na dangwala yatsun Buzun guda goma, na jera zanen kusa da kwaɗon, na daɗe ina dubawa da madubi, ina gyaɗa kai, ina rubutu. Sannan na miƙe na yi jawabi mai tsawo cike da manyan kalmomi, na ƙare da cewa ilimin zamani bai sami yatsan wannan mutum a jikin kwaɗo ba. Ajidan ya fassara wa jama'a a taƙaice, ya ce madubi ya wanke shi.

Ina kallon fuskar babban ma'aikacin. Ya dubi takardata mai tambari uku da ajidan ya ajiye a kan tebur da gangan, inda zai gani. Sai ya tashi ya yi tafi. Ya yi jawabi ya ce wannan shi ne irin ci gaban da shugabannin soja ke kira a kai, cewa zamanin zalunci ya wuce, kuma za a ci gaba da bincike har sai an kamo maciya amanar ƙasa. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana girgizawa. Ya ce in na shigo babban gari lalle in nemi gidansa.

Aka kwance Buzun. Ya murza wuyan hannunsa, ya gyara rawaninsa, bai dubi kowa ba. Da mutane suka watse ya zo wurin ajidan ya ce a ba shi dawarsa, yaransa kwana huɗu suna cin ganye. Jandarman da ke tsaron ɗakin ajiya ya ƙame ya ce ba zai yiwu ba. Dawar shaida ce, an ƙulle ta, an rubuta a jikinta, kuma Mushe ya ce ba a mayar da shaida sai an rufe shari'a. Ya dube ni yana jiran yabo, don shi ne ya fi kowa riƙe darasin.

Na ce a wannan karon ana iya sassautawa. Ya ce babban ma'aikaci ya faɗa da bakinsa cewa bincike na ci gaba. Ajidan ya ɗaga kafaɗa, ya ce doka tawa ce, ba tasa ba. Daga baya na ga ya shiga gidansa ya fito da wani ƙulli a ƙarƙashin riga, ya bi ta bayan bariki ya nufi bakin gari. Ni ma na kai abin da ya rage mini na shinkafa da sukari. Matar Buzun ta karɓa ba tare da ta ɗago kai ba. Bayan kwana biyu bukkar ba ta nan.

Ban iya yin shiru gaba ɗaya ba, kuma ban iya yin magana gaba ɗaya ba. Na rubuta rahoto zuwa Yamai. Shafi goma sha biyu na yi a kan wahalar fassara kalmomin aikin zuwa Hausa da kuma muhimmancin masu shela. A shafi na ƙarshe, cikin ƙananan kalmomi, na ce an lura da sawun wata motar aiki a bayan mangaza, mai faci a tayar baya ta hagu, kuma ya kamata hukuma ta duba lamarin wannan taya. Na yi kwanaki ina jin kaina jarumi, ina kuma jiran a zo a tafi da ni.

Amsa ta zo bayan wata uku, lokacin ina wani bariki a ƙasar Tasawa. An yaba mini a kan shafi goma sha biyun. A kan na ƙarshe an ce an miƙa ƙorafina ga sashen kula da motocin gwamnati, kuma ana farin cikin sanar da ni cewa an sauya wa motar da na ambata tayoyi huɗu sababbi. Ban taɓa sanin ko wanda ya rubuta wasiƙar wawa ne ko kuwa ya fi ni wayo ba. Babban ma'aikacin dai an ƙara masa girma kafin a yi ruwa.

A wannan rahoton na nemi wani abu guda da na tabbata ba zai dami kowa ba. Na ce a ɗauki tsohon mai bin sawu aiki, ya riƙa bina bariki-bariki yana koya wa jandarmomi karatun ƙasa, tunda ya fi ni iyawa kuma ba ya bukatar akwati. Aka amsa cewa shawara ce mai kyau, a turo takardar haihuwarsa, da hotonsa huɗu, da shaidar makarantar da ya koyi aikin.

Na shiga kamyon kasuwa na koma garin don in ga ko za a iya haɗa wani abu. Ajidan ya ce zai iya samo takardar haihuwa, ya kuma yi mini alkawarin tambari, amma makaranta ce bai san yadda za a yi ba. Muka tafi gidan tsohon tare. Ƙofar a toshe take da ƙaya. Maƙwabcinsa ya ce ya bi ƴaƴansa kudu tun watan jiya, an ce suna wajen Katsina, babbansu yana gadin wani kanti. Na bar saƙo a wurin maƙwabcin, na rubuta inda za a same ni a takarda na ba shi. Ya ninke ta ya sa a hularsa, ya ce in wani mai zuwa can ya samu zai aika.